Daga Na'ibawa zuwa Bompai: Wane antibairos ne zai tsare maka dukiya?

Shekaru kaɗan da suka wuce, idan dillalin katako a Na'ibawa ya yi maganar tsaron dukiyarsa, maganar ba ta wuce kwaɗo mai ƙarfi da mai gadi da 'yan sintirin kasuwa. Kuɗi na cikin durowa, lissafi na cikin littafin bashi, ɓarawo kuma sai ya haura katanga kafin ya kai gare su. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin Naira, ya rusa wannan tsari cikin 'yan makonni. A yau, daga 'Yan Lemo inda manyan motoci ke sauke lemon Binuwai, zuwa 'Yan Katako da tashar mota, da wuya ka ga rumfar da ba a manna lambar asusun OPay ko Moniepoint ko ta wani banki ba, kuma cinikin miliyoyi a kan fuskar waya yake ƙarewa.

A rukunin masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai abin ya fi haka nisa. Kamfanin jima da ke aika fata Italiya, da na roba, da na casar shinkafa ko matsar mai, duk harkarsu ta rataya ne a kan 'yan kwamfutocin da ke ofishin akanta: albashin ma'aikata, lissafin sito, biyan haraji, takardun kwastam, da wasiƙun imel tsakaninsu da masu kawo musu kaya daga China ko Indiya ko Turkiyya. Injin da ke cikin masana'anta yana da injiniyan da ke kwana a kansa. Kwamfutar da ke riƙe da lissafin duk abin da injin ya samar kuwa, ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta ƙi tashi.

Tambayar da masu gida da masu kamfani suka fi yi wa masu gyaran kwamfuta ita ce: wane antibairos ne ya fi kyau? Tambayar tana da amsa, kuma za mu zo kanta. Sai dai sunan da ke jikin kwalin shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikin lamarin. A Kano, yawancin ɓarnar tana shigowa ne ta ƙofofin da mai kwamfutar ya buɗe da hannunsa, wasu ma biya ya yi aka buɗe masa su.

Ajiyar nama a hannun kura

Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ƙananan ofisoshi na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, ana sayo su a Beirut Road ko Farm Centre ko a kawo su daga Legas. Al'adar ita ce, da an gama ciniki sai a miƙa wa yaron shago ya loda mata komai: Windows, Microsoft Office, CorelDraw, wani lokaci har AutoCAD, a ɗora da antibairos, duk a kan kuɗin da bai kai na lasisin ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowa ya san manhajojin na sata ne, an fasa makullinsu da wani ɗan fayil da masu sana'ar ke kira kirak.

Abin da mai saye bai cika lura da shi ba shi ne matakin farko na aikin. Kafin kirak ya shiga, sai an kashe mai gadin da Windows ta zo da shi, wato Microsoft Defender, domin in yana farke zai cafke fayil ɗin ya goge. Ke nan tun ranar farko an sallami mai gadi, an shigo da baƙon da ba a san asalinsa ba, an kuma ba shi makullin kowane ɗaki. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhajar da kamfani ya kashe miliyoyin daloli a kanta, sannan ya sake ta kyauta a intanet, ba lada yake nema ba.

Wannan alaƙa tsakanin manhajar sata da bairos tsohuwa ce. Ɗaya daga cikin bairos na farko-farko da suka yaɗu a ƙananan kwamfutoci, mai suna Brain, wasu 'yan uwa biyu masu shagon kwamfuta a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, ne suka rubuta shi a 1986, kuma sun ce sun yi ne don su kama masu kwafar manhajarsu ba izini. Na yanzu ba gargaɗi suke yi ba. Tun wajajen 2018 akwai wani dangin bairos da ake kira STOP ko Djvu, wanda babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce kirak. Yana kulle hotuna da takardu da fayilolin lissafi, ya liƙa wa sunan kowanne wasu baƙin haruffa, sannan ya bar 'yar wasiƙa yana neman Dala 980, ko rabin haka idan an tuntuɓe su cikin sa'o'i 72. Garkuwa ce da bayanai don neman kuɗin fansa, kuma sau da yawa yana zuwa da abokin tafiya, wata manhajar da ke kwashe duk kalmomin sirrin da mutum ya adana a Chrome.

Antibairos na sata ya fi kowanne muni. Cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Jamus ta ce tana ganin sabbin miyagun manhajoji sama da 450,000 a kowace rana. Antibairos ɗin da ba ya karɓar sabuntawa daga kamfaninsa, kamar mai gadi ne da ke riƙe da hotunan ɓarayin bara. Alamarsa tana nan kore shar a gefen allo, hankalin mai ita a kwance.

Ita kanta Windows ɗin abin dubawa ce. Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ta kuma daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da wani ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026 ga masu gida da suka yi rajistarsa. Yawancin tsofaffin 'yan Beljiyam ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, don haka duk mai shirin sayen kwamfuta yanzu ya fara da wannan tambayar kafin ta girman allo. Har waɗanda Windows ɗinsu ke da sauran rai, da yawa sun kashe sabuntawa don tsoron cin data, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Uzurin yana da tushe, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lokacin da WannaCry ya faɗa wa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150 a Mayun 2017, ya hargitsa asibitocin Ingila ya kuma tsayar da aiki a masana'antun Renault da Nissan, wata biyu ke nan da Microsoft ta fitar da facin ɓarakar da ya bi. Waɗanda suka saka facin sun tsira.

Sai filash. Duk wanda ya taɓa kai takarda shagon buga takardu ya san yadda ake komowa gida a tarar fayiloli sun ɓace sun bar inuwarsu kawai. Wannan ne ya sa Smadav, wata manhaja daga Indonesiya, ta yi farin jini a Kano. Tana da amfani wurin tsaftace filash, ba ta kuma da nauyi. Amma masu ita da kansu suna bayyana ta ne a matsayin kariya ta biyu, wadda ake haɗawa da babban antibairos. Ofishin da Smadav kaɗai ke gadinsa, an kuma kashe Defender, ya ɗauki ɗan aike ne ya ba shi aikin soja.

A gida, na kyauta ya isa?

Ga mafi yawan gidaje, a ganina, ya isa, muddin Windows ɗin ta asali ce kuma tana karɓar sabuntawa. AV-TEST tana gwada manyan manhajojin tsaro duk wata biyu, tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin kama marar laifi, jimilla 18. A 'yan shekarun nan Defender kan samu cikakken maki ko dab da shi, kafaɗa da kafaɗa da irin su Bitdefender ta Romaniya, ESET ta Sulobakiya, Kaspersky ta Rasha da Norton ta Amurka. Sakamakon yana nan kyauta a shafin cibiyar, haka ma na takwararta AV-Comparatives da ke Ostiriya. Minti goma a can ya fi amfani a kan jerin “goma mafiya kyau” da ke cika intanet, waɗanda yawancinsu kamasho suke ci a kan kowane lasisi da aka saya ta hanyarsu.

Akwai dai wani rauni da ya shafe mu kai tsaye. Gwaje-gwajen AV-Comparatives sun sha nuna cewa Defender yana dogaro sosai da intanet wurin gane miyagun fayiloli, kuma idanunsa kan ragu idan an yanke shi, fiye da wasu abokan gasarsa. Kwamfutar da ke yini ba data, ana kuma ta cusa mata filash daga hannu daban-daban, kamar ta shagon buga takardu ko ta ofishin makaranta, ita ce ta cancanci a saya mata lasisi. Haka ma magidancin da ke son lasisi ɗaya ya rufe kwamfuta da wayoyin gida, tare da ikon taƙaita abin da yara ke kallo.

Game da sauran na kyauta, a sani cewa kamfani ba ya aiki don Allah. A Fabrairun 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sanar da cin Avast tarar Dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita ke ziyarta, ta hannun wani reshenta mai suna Jumpshot, alhali ta yi musu alƙawarin kare su daga masu bibiya. Kuma kada a haɗa manyan antibairos biyu a kwamfuta ɗaya. Faɗa suke da juna, kwamfutar ta yi ta jan ƙafa.

To amma gaskiyar magana, kuɗin yawancin mutanen Na'ibawa ba a kwamfuta yake ba, a waya yake. A nan ma babbar ƙofar ɓarna ita ce manhajar da aka turo ta Xender ko aka sauke a wani shafi, ba daga Play Store ba. GBWhatsApp da danginta sun shahara saboda suna ɓoye alamar karanta saƙo, suna kuma nuna saƙon da aka goge. A Agustan 2021 masu bincike na Kaspersky suka gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin FMWhatsApp, wadda ke iya karanta saƙonnin tes, cikinsu har da lambobin tabbatarwa. A Oktoban shekarar NCC ta gargaɗi 'yan Najeriya kan Flubot, wanda ke zuwa a saƙon tes da sunan kamfanin kawo kaya, ya kwaikwayi manhajar banki ya sace lambobin shiga. Wayar Android da ke da Play Protect a kunne, wadda ba a saka mata komai daga waje, ta riga ta rufe mafi yawan wannan hanya. Mai iPhone kuwa, tsarin wayar ba ya barin wata manhaja ta binciki sauran, saboda haka abin da ake sayar masa da sunan antibairos galibi matatar shafuka ce kawai.

Alƙaluman NIBSS, hukumar da ke daidaita hada-hada tsakanin bankuna, sun nuna asarar damfara ta tashi daga Naira biliyan 17.67 a 2023 zuwa biliyan 52.26 a 2024, kuma hanyar da 'yan damfara suka fi bi ita ce yaudarar mutum ya ba da sirrinsa da bakinsa. Wanda aka kira da sunan ma'aikacin banki ya karanto lambar da aka turo masa, ko aka ce za a saka shi a taron wata ƙungiya ya miƙa lambobi shida na WhatsApp, babu antibairos a duniya da zai cece shi. Abin da ke ceto a nan kyauta ne: kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel da Facebook, da kuma saka wa layin waya lambar sirri, domin wanda ya fizge waya a kan titin Zariya ba wayar ce kawai ta dame shi ba, layin da ke haɗe da asusun banki yake so ya cire ya saka a wata.

Masana'anta ba gida ba ce

Kuskuren da ake yi a kamfanoni shi ne ɗaukar maganin gida a ninka shi sau ashirin: a sayo kwalaye ashirin, a saka wa kowace kwamfuta nata, a manta. Bayan wata shida ta sito an yi mata fomat, ta sakatare lasisinta ya ƙare, mai kula da sikelin auna motoci ya kashe nasa don ya saka wasa, kuma babu wanda ya sani.

Abin da kamfani ke biya wa kuɗi shi ne gani. Manhajojin da aka yi don kasuwanci, kamar Bitdefender GravityZone, ESET Protect, Sophos, ko Microsoft Defender for Business da aka tsara wa kamfanin da bai wuce ma'aikata 300 ba, suna zuwa da allon kulawa guda, inda mutum ɗaya zai ga duk kwamfutocin kamfanin, ya san wadda ta kwana biyu ba sabuntawa, ya hana ma'aikaci kashe kariya, ya rufe ramin filash a inda ba a buƙatarsa. Waɗanda suka fi ƙarfi ba sa jiran gane fuskar bairos, ɗabi'a suke kallo. Idan wata manhaja ta fara kulle ɗaruruwan fayiloli a cikin minti ɗaya, sai su tsayar da ita su ware kwamfutar daga sauran.

Sai dai allon kulawa da ba mai dubawa bai fi kyamarar tsaro da ba kowa a gabanta ba. Kafin manaja ya tambayi dillali farashi, ya tambayi kansa: wa zai duba wannan allo kowace safiya, kuma wa za a kira idan ƙararrawa ta buga ƙarfe biyun daren Lahadi? Kamfanin da ba shi da ma'aikacin kwamfuta na dindindin gara ya ɗauki manhaja matsakaiciya tare da yarjejeniyar kulawa a rubuce, da ya sayi mafi tsada ya jingine ta.

Maganar kuɗi ba wasa ba ce. Lasisin da Dala ake lissafa shi, Dalar da ta tashi daga wajen Naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Masana'antar da ke fama da kuɗin wutar rukunin A, wanda aka ɗaga zuwa Naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, ga dizal, ba za ta yi murna da sabon layi a kasafinta ba. Nan ne masu sayar da makullan lasisi masu arahar ban mamaki ke samun kasuwa. Wasu an yi su ne don wata ƙasa, wasu an riga an sayar wa mutum goma, su yi aiki wata biyu su mutu. Hanyar gane na gaske mai sauƙi ce: a yi rajistar lasisin a shafin kamfanin da ya yi manhajar, da imel ɗin masana'antar, ba na dillali ba, a ga ranar ƙarewarsa da ido.

Kaspersky, wadda ta daɗe da karɓuwa a ofisoshin Najeriya, tana da nata batun. A Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da ita a ƙasar, ta kuma hana sabunta ta daga 29 ga Satumba, bisa fargabar cewa gwamnatin Rasha na iya tilasta wa kamfanin. Kamfanin ya musanta zargin, kuma a gwaje-gwaje manhajar tana cikin na sahun gaba. Ga shagon katako wannan rigimar manya ce. Ga masana'antar da ke hulɗa da abokan ciniki na Amurka ko Turai, waɗanda kan aiko da takardar tambayoyi kan tsarin tsaro, ya kamata a saka shi a lissafi. Tsada ma ba garanti ba ce: a ranar 19 ga Yulin 2024 kuskure a sabuntawar CrowdStrike, ɗaya daga manhajojin tsaro da manyan kamfanonin duniya ke ji da su, ya durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi.

Akwai kuma kwamfutar da ke jikin inji. Injinan da aka sayo shekaru goma sha biyar da suka wuce da yawansu Windows XP ko 7 ke tuƙa su, kuma ba a iya sabunta su ba tare da lalata manhajar injin ba. Maganinsu ba antibairos ba ne, keɓewa ce: kada su taɓa intanet, kada su hau Wi-Fi ɗaya da ofis ko wayoyin ma'aikata, kuma filash ɗin injiniyan da ya zo gyara sai an bincike shi a wata kwamfutar tukuna. Kyamarorin tsaro da na'urar Wi-Fi da har yau ke kan kalmar sirrin da suka fito da ita daga kwali su ma ƙofa ce. Harin da aka kai wa Jaguar Land Rover a ƙarshen Agustan 2025 ya tsayar da ƙera motoci sama da wata guda, har sai da gwamnatin Birtaniya ta tsaya wa kamfanin lamunin Fam biliyan 1.5 don kada ƙananan masu kawo masa kaya su durƙushe. A Sharada babu mai tsaya wa kowa irin wannan lamuni.

Wasiƙar da ta ce an canza asusu

Ga masana'antar da ke biyan kuɗi ƙasar waje, asara mafi girma ba ta zuwa da ƙarar bairos. Ɗan damfara yana samun kalmar sirrin imel ɗin akanta ko ta mai kawo kaya, ya zauna shiru makonni yana karanta wasiƙu, ya koyi yadda ake gaisawa da yadda takardar neman biya take. Ranar da biya ya zo, sai wasiƙa ta iso daga adireshin da aka saba, ko wanda harafi ɗaya ya bambanta, tana cewa an canza asusu saboda binciken banki.

Haka aka yi wa Unatrac, ofishin Birtaniya mai sayar da injinan Caterpillar zuwa ƙasashen waje. A Afrilun 2018 babban jami'in kuɗinsa ya danna wani linki da ya kai shi shafin bogi mai kama da na Microsoft, ya rubuta kalmar sirrinsa. Cikin kwanaki kaɗan aka fitar da kusan Dala miliyan 11 da sunansa. Obinwanne Okeke, ɗan kasuwar Najeriya da aka fi sani da Invictus Obi, wanda mujallar Forbes Africa ta taɓa sakawa cikin fitattun matasa a 2016, ya amsa laifi, kuma wata kotu a Virginia ta ɗaure shi shekara 10 a Fabrairun 2021. Hukumar FBI ta ce irin wannan damfara kaɗai ta ci Dala biliyan 2.9 a ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a 2023.

Manhajar tsaro na taimakawa a wani ɓangare. Gungun da Interpol da 'yan sandan Najeriya suka kama mutum uku daga cikinsa a Legas a Nuwamban 2020 yana aika fayiloli ne da sunan odar kaya, ɗauke da manhajojin satar kalmar sirri irin su AgentTesla da Loki, kuma antibairos mai rai kan kama irinsu. Amma shafin bogi da mutum ya cika da hannunsa, tabbatarwa mai mataki biyu ce ke rage haɗarinsa. Sauran kuma doka ce ta cikin gida da ba ta cin ko sisi: duk wasiƙar da ta zo da sabuwar lambar asusu, ba a biya sai an kira mutumin a tsohuwar lambar wayar da aka sani, ba wadda ke ƙasan wasiƙar ba, kuma sai mutum biyu sun sa hannu. Dillalin 'Yan Lemo da aka turo wa saƙon WhatsApp da hoton abokin cinikinsa na Gboko ana cewa a tura kuɗin mota a wani sabon asusu, shi ma wannan kiran ne maganinsa.

Abin da ɗauke wuta ya ceto

A ranar 27 ga Yunin 2017 wani bairos mai suna NotPetya, wanda ya faro daga wata manhajar lissafin haraji ta Yukren, ya shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk, uwar APM Terminals mai tafiyar da tashar kwantena ta Apapa. Shugaban kamfanin ya ce sai da suka sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin saba 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai tsakanin Dala miliyan 250 zuwa 300. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, na'urorin da ke riƙe da rajistar duk ma'aikata da izininsu, kimanin 150 a faɗin duniya, sun goge gaba ɗaya, domin kowacce kwafin 'yar uwarta ce kuma duk a haɗe suke. Guda ɗaya ta tsira, a ofishin Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, ba ta kan layi. Ma'aikatan can ba su da bizar Birtaniya, sai ɗayansu ya ɗauko faifan ya kawo Najeriya, wani ma'aikacin ya karɓa a filin jirgi ya wuce da shi Landan.

Abin da ɗauke wuta ya yi wa Maersk bisa sa'a, shi ake so kowane ofis ya yi da gangan. Kwafin ajiya da ke maƙale a jikin kwamfuta kullum, tare za a kulle su. Ana so a samu kwafi uku na lissafi da takardu masu muhimmanci: na aiki, na faifan waje da ake cirewa a kulle a wani ginin, da na ma'ajiyar intanet irin su Google Drive ko OneDrive masu iya komar da fayil yadda yake jiya. Kuma a riƙa gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci, don faifan da ya sha zafi da ƙurar hunturu yana iya mutuwa ba sallama. Wannan tanadi ɗaya ne ke maganin bairos da gobara da ɓarawo da wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona na'ura.

Idan abin ya riga ya faru, a cire kwamfutar daga intanet da sauran kwamfutoci nan take, kada a yi gaggawar kai ta a yi mata fomat, domin shaida da damar ceto duk a ciki suke. Shafin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holan suka kafa da wasu kamfanonin tsaro a 2016, yana da makullan buɗe wasu nau'o'in kyauta. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar komai. Idan kuɗi ne suka fita, banki ake fara kira a cikin mintunan farko, sannan EFCC, wadda ke da ofishi a Kano, ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda.

Ga kamfani kuma, yin shiru don gudun abin kunya ya zama laifi. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse ga ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga kwana 7 zuwa sa'o'i 72, kuma rashin yin haka na da tarar Naira miliyan 2. Dokar kare bayanai ta 2023 ita ma ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar NDPC idan bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa. Tararta ga ƙaramin kamfani na iya kai Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuma daga miliyan 10 ake lissafi. Fayil ɗin albashi mai ɗauke da sunaye da lambobin asusu da NIN na ma'aikata ɗari biyu, wanda ke kan kwamfutar akanta a Challawa, yana cikin bayanan da dokar ke nufi.